Maganin ɗiga wa ido na tsirrai zalla: akwai wanda ya gwada shi don bushewar ido?

Maman_Hibba:
Assalamu alaikum 'yan gida. Don Allah shawara nake nema. Ni tela ce, kuma tun da hunturun nan ya shigo idona ya hana ni sakat. Ji nake kamar an watsa min yashi a ciki, ga raɗaɗi, in na daɗe a kan keke sai in ga allura ta koma biyu, sai na ƙifta sau uku ko huɗu kafin ta dawo ɗaya. Na je asibiti aka ce bushewar ido ce, aka rubuta min wani na ɗigawa, wai hawayen kwalba. Yana min aiki, amma bayan awa biyu sai abin ya dawo. To akwai wata da ke tallar wani magani a WhatsApp, ta ce da tsirrai zalla aka haɗa shi, babu sinadari ko ɗaya, wai kwalba ɗaya za ta raba mutum da bushewar ido har abada. Dubu tara take sayarwa. Kafin in tura kuɗina na ce bari in tambaya ko akwai wanda ya taɓa gwada irinsa. Abin da ma ya fi ɗaure min kai, ta yaya za a ce idona ya bushe alhali kullum cikin zubar ruwa yake?

Sadiq_Fagge:
Wa alaikumus salam. Hajiya, duk maganin da aka ce miki "har abada", ki ƙara riƙe jakarki da kyau.

Ummu_Khalil:
Allah ya ba ki lafiya 'yar'uwa. Ni ma ciwona ke nan duk hunturu. Na shimfiɗa tabarma a nan ina jiran masana.

Baba_Tanko_Rano:
Yaran yanzu kun raina abin gida. Kafin a kawo kwalaben nan da me iyayenmu suka rayu? Kakata ta haura tamanin tana zura zare a allura da kanta, ba ta san wani abu tabarau ba, kwalli ne kawai da ganyen da take tsinkowa a bayan gida. Da tsohuwar zuma ake magani. Ke dai 'yata, in mai maganin amintacciya ce, ki gwada, ai ganye ba ya cutarwa.

Likitan_Ido_Zazzau:
Wa alaikumus salam Hajiya. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe, don ita ce mabuɗin sauran.

Hawayen da ke lulluɓe da ido ba ruwa ba ne kawai, hawa uku ne. A can ƙasa akwai wani abu mai yauƙi da ke sa ruwan ya manne da ido. A tsakiya akwai ruwan kansa. A sama kuma akwai mai, siriri ƙwarai, wanda ke fitowa daga wasu ƙananan ƙofofi da ke jere a bakin fatar ido, daidai bayan gashin ido, kamar ashirin zuwa arba'in a kowace fata. Kin ga yadda mai ke kwanciya a saman miya ya hana ta saurin ƙafewa? Aikinsa ke nan. In ƙofofin nan suka toshe, ko man ya yi kauri ya daskare, ruwan sai ya riƙa tashi da wuri. Ido ya ji zafi, ya aika wa ƙwaƙwalwa, ita kuma ta sako ruwa da yawa lokaci guda irin na yankan albasa. Wannan ruwan ba shi da mai, ba ya zama, gangarowa yake yi kumatu. Shi ya sa kike ganin ido na ruwa amma a bushe yake. Mafi yawan masu bushewar ido matsalarsu ta wannan man ce, ba ƙarancin ruwa ba.

Ki haɗa da sana'arki. Mutum yana ƙifta ido kamar sau 15 zuwa 20 a minti ɗaya, amma in ya ƙura wa abu ido, ɗinki ne ko waya, adadin yana faɗuwa sosai, kuma ƙiftawar ce ke matso man. Ga iskar hunturu da ba ta da laima. In kuma akwai fanka a saitin fuskarki, an gama haɗa komai.

Saboda haka babu kwalbar da za ta yi maganin abin har abada, ta tsirrai ce ko ta kamfani. Lallaɓa shi ake yi.

Maman_Hibba:
Ikon Allah! Dakta kamar kana shagona. Fankar tana kan teburin yanka, fuskata take kallo, saboda zafin ƙwan fitila.

Famasis_Aliyu:
Hajiya, ki ɗauko kwalin wanda aka rubuta miki a asibiti, ki duba inda aka jera abin da ke ciki. Me kika gani?

Maman_Hibba:
Wata doguwar kalma ce da ba zan iya karantawa ba, amma a gefe an sa CMC 0.5%.

Famasis_Aliyu:
To albishirinki, maganin tsirrai ne a hannunki tun tuni. CMC ɗin nan, da ɗan'uwansa HPMC, daga selulos ake yin su, wato zaren da ke jikin itace da auduga. Ana sarrafa shi ne har ya narke a ruwa ya yi ɗan yauƙi, don ya daɗe a kan ido. Kuma ba su kaɗai ba ne. Wani na ɗigawa da ake kira Systane yana da wani danƙo da ake samu daga waken guwar, wanda aka fi nomawa a Indiya da Pakistan. Wasu nau'o'in Refresh suna da man zurma a ciki, zurmar nan dai da wasu ke kira cika-gida, wadda ke tsirowa a kan juji, don ya maye gurbin man da Dakta ya yi bayani. Har Restasis, wanda ake rubuta wa masu bushewar da ta yi tsanani, a cikin man zurma aka narkar da maganinsa. A Italiya kuwa akwai na ɗigawa da ake yi daga ƙwallon tsamiya.

Don haka in wani ya ce miki nasa na tsirrai ne, na kemis kuma sinadari ne, ki san talla yake yi. Bambancin ba a tushen abin yake ba. Yana wajen tacewa, da kashe ƙwayoyin cuta, da daidaita gishirinsa da tsaminsa su zo ɗaya da na hawaye, da kuma kwalbar da aka rufe shi a ciki.

Sadiq_Fagge:
Tsaya tukuna. Ƙwallon tsamiyar da muke tsamewa daga kunu mu watsar a kwata? Shi Bature ya mayar maganin ido? Wallahi mun daɗe muna zubar da dukiya.

Nura_Torino:
Gaskiya ne. Ina aiki a ɗakin ajiyar kaya a nan Italiya, lokacin sanyi na'urar ɗumama ɗaki tana busar min da ido. Mai kantin magani ta ba ni irinsa, da na ga hoton tsamiya a kwalin sai da na yi dariya ni kaɗai. Ya yi min daɗi a ido, ba ya raɗaɗi. Amma in faɗi gaskiya, ban ga ya fi na farkon da nake sawa da wani abin a zo a gani ba. In na daina kwana biyu abin yana dawowa.

Zee_Kaduna:
To in haka ne ba sai mutum ya jiƙa tsamiya ya tace da ƙyalle mai tsabta ya ɗiga ba? Tambaya ce fa, kar a cinye ni.

Likitan_Ido_Zazzau:
A'a, ƙanwata, don girman Allah a'a. Ruwan tsamiya tsami ne mai ƙarfi, ido kuma ba ya jure tsami, ƙona samansa zai yi. Abin da ake cirowa a ƙwallon wani danƙo ne guda ɗaya, an raba shi da sauran komai. Haka ma man zurma. Na san bidiyoyi sun yi ta yawo a TikTok ana cewa a shafa shi a ido. Na cikin maganin ɗan kaɗan ne da aka farfasa cikin ruwa aka tsarkake. Na kasuwa da ake aunawa a kwalbar da ba a san me ta taɓa ɗauka ba, wannan na gashi ne.

Iro_Maradi:
Salamu alaikum 'yan'uwa na Najeriya. Baba Tanko, ka yi haƙuri, maganar ganye ba ya cutarwa ban yarda da ita ba, don na gani da idona. Ƙanen mahaifina, lokacin girbin hatsi kara ya ɗan karce mishi ido. Abu kaɗan ne. Wani maƙwabci ya murzo ganye ya matsa mishi ruwan, safe da marece, kwana huɗu. Ranar na biyar idon ya yi fari fat, ba ya iya kallon haske. Da muka kai shi gidan likita aka ce gyambo ne ya kama baƙin idon, funfuna ta shiga. An yi wata biyu ana magani, idon bai fashe ba alhamdu lillahi, amma hakiya ta zauna, yanzu inuwa kawai yake gani da shi. Garin neman gira aka rasa ido. Kuma kowa a nan ya san nonon tumfafiya da na tinya, in ya faɗa ma yaro a ido har gani yana dushewa. Su ma ai tsirrai ne.

Baba_Tanko_Rano:
Allah ya ba shi lafiya. Amma wannan rashin sanin ganyen ne, ba laifin ganye ba. Kowace sana'a akwai gwani akwai ɗan koyo.

Likitan_Ido_Zazzau:
Baba, Allah ya ƙara girma. Ko gwanin ne ya tsinko ganyen da ya dace, akwai abin da idonsa ba zai gani ba. Ƙwayoyin cuta da funfuna suna zaune a jikin kowane ganye, da turmin da aka daka, da ruwan da aka jiƙa. Ciki yana da tsamin da ke kashe da yawansu, shi ya sa ake shan jiƙo a kwana lafiya. Ido ba shi da wannan. Kuma busasshen ido ya fi kowane saurin kamuwa, domin samansa ya riga ya yi 'yan ƙananan tsage-tsage, hawayen da ke wanke shi kuma ya yi ƙaranci. Irin labarin Malam Iro, duk kaka sai mun gan shi a asibiti.

Abba_Gaskiya_Ɗaya:
Ku daina nuna kamar na kamfani tsarkakakke ne. Ba a Amurka ba ne maganin ɗigawa ya makantar da mutane shekarun baya? Ko shi ma boka ne ya haɗa?

Famasis_Aliyu:
Ka yi gaskiya Malam Abba, an yi haka a 2023. Sunansa EzriCare, a Indiya aka yi shi. Wata ƙwayar cuta mai taurin kai da ba ta jin yawancin magunguna ta gurɓata shi. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ƙirga mutum 81 a jihohi 18, huɗu sun rasu, 14 sun rasa gani, huɗu sai da aka cire musu idon ɗungurungum. Kuma ka san me ke cikinsa? CMC ne, irin na Hajiya. Abin da ke ciki bai da laifi, ƙazantar wajen haɗawa ce, ga shi an zuba shi a babbar kwalba babu sinadarin hana lalacewa. To in masana'anta mai injuna ta yi sakaci abin ya kai haka, ina ga wanda aka haɗa a ɗaki aka ɗura da mazurari? Bambancin shi ne wancan yana da suna da lambar rukuni, aka bi sawu aka janye shi daga kasuwa. Na WhatsApp in ya yi ɓarna wa za ka kama?

A shekarar dai hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta aika wa kamfanoni takwas takardar gargaɗi kan magungunan ido da suke sayarwa ba tare da amincewarta ba, cikinsu har da masu tallar nasu a matsayin na halitta. Ba mu kaɗai ake yi wa wannan tallar ba.

Abba_Gaskiya_Ɗaya:
Na ji. Amma ni har yanzu ban ga dalilin da zai sa ƙaramar kwalba kamar ɗan yatsa ta yi wannan tsadar ba. Talaka dole ya nemi wata hanya.

Hauwa_Jidda:
Maganar tsada gaskiya ce. Ni a nan Saudiyya na'urar sanyaya ɗaki ce ta kashe min ido, dare da rana a kunne. Ina ɗiga na kwalba sau bakwai takwas a yini, sai na ga idon yana ƙara ja. Likita ta ce sinadarin hana lalacewar da ke ciki ne, wanda ake rubutawa BAK, in ana yawan sa shi yana cin saman ido. Ta mayar da ni kan 'yan ƙananan robobin nan da ake karya kai a ɗiga a yar. Sun fi tsada amma na samu sauƙi. Wataƙila abin da masu cewa "sinadari" suke ji ke nan, don wani lokacin da gaske na kemis ɗin yana ƙara raɗaɗi.

Likitan_Ido_Zazzau:
Hajiya Hauwa ta taɓo wuri mai muhimmanci. In buƙatar mutum ta wuce sau huɗu a yini, gara marar BAK. Maman Hibba, tunda kin ce bayan awa biyu yake dawowa, ki koma ki gaya wa wanda ya duba ki. Mai yiwuwa mai ɗan maiƙo ya fi dacewa da ke, ko mai kauri na kwanciya barci.

Ga kuma wanda ba ya cin ko sisi, Malam Abba. A tsoma tsumma mai tsabta a ruwan ɗumi, ɗumin da bayan hannu zai jure, a matse, a rufe ido a ɗora minti biyar zuwa goma, in ya huce a sake tsomawa. Sannan a ɗan murza fatar idon a hankali zuwa wajen gashin, a goge bakin. Man da ya daskare ne ake narkarwa, kamar man shanu a hunturu. Kullum za a yi, kuma sai an yi makonni kafin a ga bambanci, a nan ne mutane ke gajiya. A kawar da fanka daga fuska. Duk bayan minti 20 a ɗaga kai daga ɗinki a kalli nesa a ƙifta da kyau.

Ɗan_Sahu_001:
Ni da nake tuƙa adaidaita daga Kurna zuwa Bata kullum, abin da ya cece ni tabarau ne mai rufe gefe. Da ina dawowa gida ido jawur kamar gauta, har maman yara ta fara zargin ko na fara shaye-shaye. Wani mai kemis ya ba ni wani ɗan magani, ina ɗigawa ido ya yi fari tas cikin minti biyar. Na ji daɗi na mayar da shi abin kullum, kusan wata biyar. Ranar da na je gwajin ido aka ce hawan jinin ido ya fara kama ni, wai wani magani mai ƙarfi da ake kira sitiroyid ne a ciki. Allah ya sa an gano da wuri. Don haka ba na gargajiya kaɗai ba, na kemis ɗin ma in ba a rubuta maka ba wuta ne.

Malam_Sani_Gwale:
Assalamu alaikum. Na ga an ambaci kwalli, kar a tafi a bar shi a dunƙule. Ya tabbata a hadisi cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya yi umarni da ismid, wato wani nau'in kwalli, ya ce yana ƙara hasken gani yana tsirar da gashi. Zuma kuma Allah ya ce a cikinta akwai waraka ga mutane, a Suratun Nahli aya ta 69. Wannan babu ja. Abin tambaya shi ne, wanda ake sayar mana a kasuwa ismid ɗin ne? Kuma ayar ba ta ce a zuba kowace zuma a kowace gaɓa ba. Sanin yadda za a yi amfani da abu na masana fannin ne.

Famasis_Aliyu:
Allah ya saka da alheri Malam. Kwallin kasuwa da yawansa dutsen dalma ne. A 2012 hukumar CDC ta ba da rahoton wani jariri a Boston, ɗan iyaye 'yan Najeriya, da aka samu dalma ta yi yawa a jininsa. Da aka bincika, tozalin da ake sa masa ne, aka auna aka samu sama da kashi 80 cikin 100 dalma ce. Mu da muka ga abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 bai kamata mu ɗauki abin da wasa ba, musamman ga jarirai. Ga mai bushewar ido kuma, a daidai bakin ƙofofin man nan ake zizara shi.

Zuma kuwa, a Ostireliya akwai maganin ido da ake yi da zumar manuka, Optimel, an tace an tsarkake, kuma duk da haka masu sawa suna cewa yana da raɗaɗi. Ba ɗaya ba ne da ta galan da ake yawo da ita a tasha.

Baba_Tanko_Rano:
Yanzu kuma kwallin ma kun haramta mana.

Malam_Sani_Gwale:
Ba wanda ya haramta, Baba. Cewa aka yi a san wanda za a saya.

Ummu_Khalil:
Malam tunda kana nan, azumi na tafe. Ɗiga maganin ido da rana yana karya azumi? Don ni in na ɗiga har ɗacinsa nake ji a wuya.

Malam_Sani_Gwale:
Akwai saɓani. A mazhabar Malikiyya in ya kai maƙogwaro ana rama ranar. Wasu malaman kuma suna ganin ido ba mashigar abinci ba ce, don haka ba ya karyawa ko an ji ɗanɗanonsa. Wanda zai iya jinkirtawa zuwa dare ya fita daga saɓani, mai lalura kuma ya tambayi malamin da ya yarda da shi.

Likitan_Ido_Zazzau:
In ƙara a kan ta Malam ta ɓangarenmu: akwai 'yar ƙofa a kusurwar ido ta wajen hanci, ta nan hawaye ke sauka hanci ya wuce wuya. In kin ɗiga, ki rufe ido ki danne wurin da yatsa minti ɗaya ko biyu. Ɗacin zai ragu sosai, maganin ma ya fi zama inda ake son sa.

Admin_Rabi:
Jama'a a dawo kan tambayar Maman Hibba. Na goge saƙonni biyu na masu saka lambar waya suna tallar magani. Wanda ya sake zan fitar da shi.

Anti_Binta_Jos:
Ni tambayata, maimakon a ɗiga, ba abin da mutum zai ci? An ce zogale da karas suna gyara ido.

Likitan_Ido_Zazzau:
Anti, a nan ne ma tsirrai suka fi amfani, ta baki. Akwai bushewar ido da rashin bitamin A ke kawowa, ta fi kama yara, musamman bayan ƙyanda ko doguwar gudawa. Tana farawa da dundumi, yaro ya kasa gani da magariba, in aka bari baƙin idon yana iya narkewa. Zogale, alayyafo, karas, manja, gwanda, mangwaro, hanta da ƙwai duk suna kare wannan. Amma babba mai cin abinci daidai wanda toshewar mai ce ke damunsa, ko buhun karas ya cinye ba zai buɗe ba. Ƙwayoyin man kifi ma da ake ta talla, wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2018, a kan mutum sama da 500, bai ga sun fi man zaitun da aka ba wasu daga cikinsu don a kwatanta ba.

Wani abin da ban faɗa ba: Piriton da ire-irensa da ake sha don mura a hunturu suna busar da ido. Haka ciwon suga, da ɗaukewar al'ada ga mata. In kuma bushewar ido ta haɗu da bushewar baki da ciwon gaɓoɓi, wannan ba ta hunturu ba ce, a je a yi gwajin jini.

Anti_Binta_Jos:
Innalillahi. Bushewar baki da ciwon gaɓoɓi, yayata ke nan sak, shekara uku tana cewa sanyi ne. Biskit ma ba ta iya haɗiyewa sai da ruwa. Gobe zan kira ta.

Maman_Hibba:
Na dawo da rahoto. Na tambayi matar lambar NAFDAC da sunayen tsirran da ke ciki. Ta ce sirrin gidansu ne, gado ne daga kakanta, ba a faɗa. Na ce ta turo hoton kwalbar gaba da baya. Babu ranar haɗawa, babu ranar lalacewa, takarda ce kawai aka liƙa da hoton ganye da ido. Da na yi shiru sai ta ce za ta bar min dubu shida saboda ni 'yar'uwa ce.

Sadiq_Fagge:
Ki ƙara yin shiru, zuwa Juma'a kyauta za ta ba ki har da kuɗin mota.

Famasis_Aliyu:
Ko da ta kawo lamba, a duba ta a Greenbook, kundin magungunan da NAFDAC ta yi wa rajista, a intanet, don ana buga ta bogi. Kuma lambar maganin gargajiya da ta ƙare da harafin L tana nufin an duba bai da illa a fili ne, ba wai an tabbatar yana warkar da abin da aka rubuta ba.

Baba_Tanko_Rano:
To na ji, wannan matar ni ma ban yarda da ita ba, mai gado na gaskiya ba ya rage farashi kamar mai gwanjo. Amma ku amsa min wannan. Kun ce Bature ya ɗauki tsamiya da zurma da auduga ya yi maganin ido. Duk muna da su a gona. Ina masu digirin namu? Ai an yi a Abuja, cibiyar binciken magunguna ta NIPRD ta haɗa maganin sikila, Niprisan, da kanumfari da masoro da karan dafi a ciki. Me ya hana a zauna da masu ganyen ido na gaskiya, a auna nasu, wanda ke da amfani a tace shi a sa a kwalba, wanda ke cutarwa a faɗa wa duniya? Sai dai kullum a ce mana kar ku sa, kar ku sa, mu kuma kuɗin naku ya fi ƙarfinmu.

Famasis_Aliyu:
Wannan kam Baba ba ni da amsar da za ta gamsar da kai. Abin da zan iya cewa, maganin ido yana cikin masu wuyar haɗawa, don yana buƙatar ɗaki da ruwa da kwalba marasa ƙwayar cuta kamar na allura, da wutar da ba ta ɗaukewa. Amma tambayarka tana nan daram.

Abba_Gaskiya_Ɗaya:
Wutar da ba ta ɗaukewa. To a nan maganar ta mutu.

Maman_Hibba:
Na gode ƙwarai jama'a, Allah ya bar zumunci. Na mayar da fankar bayana, na fara gashin tsumma tun jiya da daddare, ranar Litinin zan koma asibiti in yi maganar mai maiƙon. Dubu taran kuma na sayi zare da ita, ɗinkin Sallah ya fara shigowa.

Ummu_Khalil:
Dakta, kafin a watse. Na binciko kwalbata ta hunturun bara a cikin jaka, saura rabi, kuma ranar lalacewarta sai baɗi. In ci gaba da ita?

Likitan_Ido_Zazzau:
Ranar da ke jiki ta kwalbar da ba a buɗe ba ce. In an buɗe, yawancinsu wata ɗaya ne, sai in takardar ciki ta faɗi wani abu daban. Ki yar da ita.

Ummu_Khalil:
Rabi guda fa, Dakta.

Kabiru_Sabon_Shiga:
Salam. Ban karanta duka ba, ya yi tsawo. Ruwan wardi da ake kawowa daga Indiya fa, shi ma ana iya ɗigawa?